Jinin Babanka Ne a Jikinka

Sansanin horo, Litinin

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara, da fatan kowa yana kan ƙafarsa. In kin leƙa wajen Inna ki ce mata ɗanta yana lafiya, yana ci yana ƙoshi, kuma bai rame ba, don babu abin da ya rage a jikinsa da zai rame. Har a ƙasar mutane Tsinke ake ce mini. Abokin hawana Dogo ne ya yi mini wannan aika-aika tun ranar da muka sauka.

Kada ki yi mamakin ganin rubutun hannu. Inda aka ajiye mu waya ba ta kamawa ko ka hau rufin ɗaki. Akwai direban da yake kawo mana kayan abinci duk Litinin, shi muke ba takardu, in ya sauka gari ya ɗauki hotonsu ya tura. Ke ma ki tura amsa ta lambarsa, zai buga ta a takarda ya taho da ita.

Saura wata ɗaya tseren. Kwana shida za a yi ana hawa duwatsu da keke, mutum biyu-biyu, kuma ba a karɓar sakamakon ɗaya sai da ɗan'uwansa. Ni da Dogo ne. Shekara huɗu muna neman wannan gurbi, kin kuwa san abin da muka sha. Wata hanyar tana kai mutum sama da mita dubu huɗu, inda iska take da ƙaranci har ɗaura igiyar takalmi sai ka huta.

To ga abin da ya sa na dame ki. Masu shirya tseren sun aiko da fom na lafiya, a ciki akwai tambayar sikila. Koci ya ce wanda yake ɗauke da ita, wato AS, zai iya ƙare rayuwarsa a ƙasa bai san da ita ba, amma a can sama jinin yakan cushe, musamman a saifa. Saboda haka ba kasafai suke barin irinsu su hau ba. Suna son hatimin ɗakin gwaji. In na ce zan sauka birni a gwada ni, mako guda ya tafi, ranar rufe rajista ta wuce. Inna ta sha gaya mini an gwada ni ina jariri, AA ne, katin yana wajenta. Ki taimaka ki duba shi, ki cike mini fom ɗin da na haɗo, ki buga masa hatimin ɗakin gwajin da kike aiki. Na san ba mu cika zumunci ba, ni ɗan ɗan'uwan babanki ne da ba ya zuwa sai da buƙata. Ki yi mini faɗan daga baya.

Ƙanenki,
Tsinke

*

Alhamis

Tsinke,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙaramar tana fama da mura, Inna kuma gwiwar nan ce dai, amma ta ce in gaya maka ka sa rigar sanyi biyu.

Na je wajenta jiya bayan na tashi aiki. Ta ɗauko gwangwanin alewar nan da take tara takardu, ta zazzage mini shi a kan tabarma, ga rasit ɗin rediyo, ga hotuna, ga katin. Ya yi ja, gefensa ya cinye, sunan Inna ne a sama tunda lokacin jaririn bai samu suna ba, amma AA ɗin ya fito ɓaro-ɓaro. Na cike fom ɗin, ga hotonsa nan na haɗo.

Ina so ka san abin da ka sa ni. A ƙa'idar aikinmu ba a buga hatimi a kan jinin da ba a gani da ido ba. Shekara goma sha tara ina wannan ɗaki ban taɓa yi ba, sai da na jira shugabarmu ta shiga taro sannan na buɗe durowarta. Kada ka sake roƙona irin wannan, kuma kada ka faɗa wa kowa yadda aka yi.

Har yanzu ban gane abin da zai sa mutum da hankalinsa ya bar gida ya je ya hau dutse da keke ba, alhali Allah ya hore wa duniya mota. Amma tunda abin da ka zaɓa ke nan, Allah ya ba da sa'a.

Yayarka

*

Sansanin horo, Litinin

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, Allah ya ba ƙaramar lafiya. Na gode, na gode, ban san da bakin da zan gode miki ba. Koci ya miƙa fom ɗin, an karɓa, an rufe rajista. Yanzu sunana da na Dogo sun zauna, ba a cirewa ba a musanyawa. In ɗayanmu ya faɗi, ɗayan ma ya tattara kayansa.

Wani abu dai, ki riƙa kula da abin da kike rubutawa. Takardun a buɗe suke zuwa, Dogo kuwa shi yake fara isa wajen mota saboda ayaba. Ya karanta taki tun daga kan murar ƙaramar, Allah ya sa na fizge ta kafin ya kai ga maganar durowa. Ya ce in gaya miki motar da kike taƙama da ita ba ta kai rabin inda muke kaiwa.

Rayuwar nan babu komai a cikinta sai hawa. Ɗakinmu gado biyu ne da ƙugiyar rataye keke, safa na bushewa a kan bututun ɗumama ɗaki. Da safe shayi da burodi, sai mu duba birki da iskar taya, mu ɗaura hular kwano, mu kama hanya awa biyar. In mun dawo a wanke sarƙa a sa mata mai, a ci taliya, a kwanta kamar gawa. Dogo ya fi ni ƙarfi a miƙaƙƙiyar hanya, ni na fi shi a hawa, don babu nauyin da nake ja sai na keken.

Ranar Juma'a muka hau mashigar da ta fi kowacce tsawo a nan kusa. Muna dab da ƙarshe sai wani abu ya soke ni a gefen hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, har ya harba kafaɗa. Na ce tsinke ya soki Tsinke, Dogo ya yi ta dariya. Da muka sauko ya lafa. Ina jin faɗuwar da na yi a kan tsakuwa makon jiya ce, kada ki gaya wa Inna.

Talata ta sama za a mayar da mu sansanin da ke can bisa, mu zauna har ranar tsere don jiki ya saba. Koci ya ce a nan ake gane namiji. Wani lokaci in hawa ya yi tsanani nakan tuna Baba. Kowa cewa yake ni Inna na ɗauko, marigayi wana shi ne ya ɗauko Baba, to ni dai sai in ari ƙarfin halinsa in ƙarasa.

Tsinke

*

Laraba
(Wannan ba a aika ta ba)

Tsinke,

Gaisuwa. Ba ni da natsuwar tambayar lafiya yau.

Ɗazu Inna ta zo har gidana da sandarta. Ta ce tana mayar da takardu cikin gwangwani ta ga wani kati maƙale a gindinsa, ko zai yi amfani. Na karɓa na duba shi. Kati biyu ne iri ɗaya, asibiti ɗaya, sunan Inna a kan duka biyun. Wanda na buga wa hatimi, shekararsa ta riga haihuwarka da biyu. Na marigayi wanka ne. Ni da nake koya wa sababbin ma'aikata su fara duba kwanan wata kafin komai, ban duba ba. Naka shi ne na biyun, kuma AS aka rubuta. Ban ma yi mamaki ba, don ni na gwada babanka a ciwonsa na ƙarshe, shi ma yana ɗauke da ita.

Ciwon da ka kwatanta ba faɗuwa ba ce. Gefen hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, ya harba kafaɗa, ya zo a sama ya lafa a ƙasa. Saifa ce.

Amma in na aika wannan, Dogo zai riga ka karantawa. Koci zai ji, a cire ku ku biyun, fom ɗin da hatiminmu ya dawo kan teburin shugabarmu da sa hannuna a ƙasa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba, tsoron ranka da tsoron aikina, kuma ina jin kunyar yadda na biyun yake da nauyi a zuciyata. Kai mai hankali ne. In na yi maka nuni za ka gane, sai ka nemi wani dalili ka ƙi hawa, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Bari in sake wata.

*

Laraba

Tsinke,

Muna lafiya, ƙaramar ta warke. Inna tana gaishe ka.

Ka karanta wannan kai kaɗai, a tsanake, sau biyu. Inna ta sake zazzage gwangwaninta, muka duba tare, kuma abin da muka gani ya nuna an daɗe ana kuskure a kanka. Jinin babanka ne a jikinka, ba irin na marigayi wanka ba. Ni na san jinin babanka fiye da kowa. Ka auna wannan magana da kyau kafin ranar Talata, ka san abin da ya kamace ka.

Ciwon gefen nan kuma kada ka raina shi. Ka nuna wa likita.

Yayarka

*

Sansanin horo, Litinin

Yaya,

Ina gaisuwa, na ji daɗin jin ƙaramar ta miƙe. Direba yana sauke kaya, a tsaye nake rubutu a kan murfin mota, ki yi haƙuri da karkacewar layi.

Na karanta sau biyu kamar yadda kika ce, har sau biyar ma. Yaya, ba ki san abin da kika yi mini ba. Tunda Baba ya rasu ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ba wanda ya taɓa cewa na ɗauko wani abu nasa. Ko wane hoto ne kuka gani a gwangwanin, ki ajiye mini shi. Na tuna lokacin da bulo ya murƙushe masa yatsa, ya ɗaure shi da tsumma ya ƙarasa ginin mutane kafin ya je asibiti. Sai da na koma bayan ɗaki na share ido don kada Dogo ya samu abin tsokana.

Bari in gaya miki gaskiya. Ciwon ya dawo ranar Asabar, ya fi na farko, har na yi amai a gefen hanya. Jiya na yanke shawara yau zan sami koci in ce masa ya bar ni a sansanin ƙasa, in ya so a nemo likita ya duba ni, ko da hakan zai jawo mana matsala. Ina kan hanyar ɗakinsa motar ta iso. Da na karanta takardarki sai kunya ta kama ni. Na ce ɗan mutumin nan ne zai tsaya saboda ciwon gefe? Na fasa.

Likitan ƙungiya ba zai zo ba sai ana saura kwana uku tsere, zan nuna masa in ya zo. Gobe da safe za mu hau. Na rubuta maganarki a farin salatif na manna a kan keken, daidai inda idona yake sauka in na sunkuya.

Ɗan babansa,
Tsinke

*

Litinin, da yamma

Tsinke,

KADA KA HAU. In ka riga ka hau, ka sauko a motar da ta kawo wannan takarda.

Ba hali nake nufi ba, jini nake nufi, jinin da ake ɗiba a sirinji. Katin da na yi amfani da shi na marigayi wanka ne. Naka daban ne, AS ne, irin na babanka. Fom ɗin da na buga wa hatimi ƙarya ne. Ciwon da kake ji saifarka ce, jini ne yake cushewa a cikinta, kuma duk taku ɗaya da ka ƙara sama ƙara mata kake yi. Tana iya fashewa, a can kuwa babu asibiti.

Tun Laraba na sani. Na rubuta maka a fili, na ji tsoron aikina, na ɓoye ta na aiko maka da waccan mai lulluɓi. Ga ta farkon nan na haɗo don ka ga irin yayar da kake da ita. Na haɗo da hoton katunan biyu, da shafi ɗaya da na rubuta wa likita da harshen da zai gane, da cikakken sunana da sa hannuna.

Dogo, na san kai za ka fara karantawa. Ka karanta har ƙarshe. Na san abin da wannan takarda za ta raba ka da shi, ni na jawo, ba shi ba. Ina roƙonka don Allah ka sauko mini da shi.

Yayarka

*

Laraba ta mako na biyu

Tsinke,

Kwana tara ke nan. Ina fatan kana raye kana jin haushina.

Na kira direban ya fi sau talatin. Ba ya jin harshena, ba na jin nasa, sai da ya sami wani a kanti ya fassara mana: ruwa ya zubo da ƙasa a kan hanyar sansanin sama, motarsa ba ta wuce ba ranar Litinin, takardata tana nan a aljihun mota. Na roƙe shi ya ba duk wanda zai hau da ƙafa, ya ce zai gani. Na rubuta wa ofishin masu tseren sau uku, amsar inji kawai nake samu.

Shekaranjiya na shiga ofishin shugabarmu na ajiye mata katunan da kwafin fom ɗin, na gaya mata komai, don ta rubuta musu da sunan asibiti ko za su fi saurare. Ta rubuta. Ta kuma karɓi makullina ta ce in zauna a gida sai kwamiti ya neme ni. Ban damu ba. Inna tana tambayata me ya sa na daina zuwa aiki, na ce mata hutu na ɗauka.

Ko layi ɗaya ne ka aiko.

Yayarka

*

Asibiti, Juma'a

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina raye. Ki fara gaya wa Inna wannan, sauran ki bar mini.

A nan waya tana kamawa, amma ban shirya jin muryarki ba, shi ya sa na rubuta.

Kwana goma sha uku muka yi a sama. Ciwon bai ƙara barina ba. Na daina kwanciya a gefen hagu, na riƙa zubar da rabin abincina a ɓoye, in muna hawa in kafa ido a kan salatif ɗin nan in ci gaba da murza feda. Litinin aka buɗe hanya, motar ta iso da likitan ƙungiya a gaba, takardunki a baya cikin kwalin ayaba. Saura kwana uku tsere.

Ina gyara birki a bayan ɗaki Dogo ya zo ya miƙa mini su. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Na karanta a tsugune. Da na gama, roƙonsa na fara yi. Na ce ya rufa mini asiri, na jure kwana goma sha uku, shida ba za su gagare ni ba. Na tuna masa shekara huɗunmu, na tuna masa shi ya kai talatin da biyar, ba zai sake samun wannan gurbi ba. Har na ce masa in ya kai takardar to kansa ya cuta. Ya bar ni na gama tsaf.

Sai ya ce, "Ni da kai muka hau, Tsinke. Ba zan sauko in je gaban Inna ni kaɗai ba. Ka kai wa likita ko in kai."

Ni na kai. Likitan ya danna gefen da yatsa biyu na kusa suma. Cikin awa ɗaya ina kwance a bayan motar kayan abinci, Dogo yana riƙe da robar ƙarin ruwa. A nan suka yi hoton ciki, suka ce wani yanki na saifar ya mutu, amma ba ta fashe ba, ba sai an yi aiki ba. Sun sake gwada jinin, AS ne. Likitar nan ta ce da na shiga tseren a haka, ba ta jin zan kai kwana na biyu.

Jiya aka fara tseren. Akwai talabijin a ɗakin da nake, Dogo ya tashi ya kashe ta, ya koma ya zauna yana kallon bango. Da ya zage ni a kan abin da ya rasa da ya fi mini sauƙi.

Kuskuren kati ban riƙe ki da shi ba. Ni na matsa miki, kuma ni na yi shekara ashirin da shida ina yawo da lafiyar wanda ya mutu. Abin da na kasa haɗiyewa ita ce wasiƙar Laraba mai lulluɓin nan. Ina kan hanyar ɗakin koci fa, Yaya. Da kin yi shiru ma da ban hau ba. Kin ɗauki abin da na fi so a ce mini a duniya kin naɗe gargaɗi a ciki, don kada a ga sa hannunki. Na karanta wadda kika ɓoye, na kuma ji abin da kika yi a ofishin shugabarku. Na san ba ƙaramin abu ba ne, na rubuta wa kwamitinku cewa ni na roƙe ki. Amma duk wannan bai kai inda ciwon yake ba tukuna.

Za su sallame ni Laraba, jirginmu zai sauka Lahadi da azahar. Dogo ya ce matarsa za ta zo ɗaukarsa. Ni ban gaya wa kowa ba. Ba zan iya ɗaga jaka ba, kuma ban san yadda zan shiga wajen Inna in fara wannan magana ni kaɗai ba. Ban huce ba, wataƙila a mota ba zan yi miki magana ba. Ki zo duk da haka.

Ƙanenki,
Tsinke